FASHIN BAƘI: Yadda regiletar fanka da na'urar rage hasken fitila ke aiki, da abin da suke ci a aljihun mutanen Daura

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Daura, Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu, babu na'urar da ake yi wa kallon rai kamar fanka. Idan an kawo wuta, hannu na farko makunnin fanka yake nufa. Idan kuma yunit ɗin mita ya fara ja baya, sai muhawara ta tashi a tsakar gida: wasu su ce a mayar da fanka lamba ɗaya domin ta rage cin wuta, wasu su ce aikin banza ne, ko lamba ɗaya ko lamba biyar duk abu guda mita ke ƙirgawa.

Kowane ɓangare na da ƙamshin gaskiya, domin amsar ta dogara ne ga irin regiletar da ke manne a bango. Akwai wadda ke rage gudun fanka tare da rage kuɗi sosai, akwai kuma wadda ke rage gudun amma ta ƙone wani kaso na wutar a cikinta, mai gida kuma ya biya kuɗin abin da aka ƙone.

A shekarun baya wannan ba abin damuwa ba ne. Amma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin fetur, da kuma watan Afrilu na 2024 da Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225, kowane wat ya zama kuɗi. Wannan bayani ya duba yadda waɗannan ƙananan na'urori ke aiki, inda suke taimako, inda suke ɓarna, da kuma wanda ke da alhakin sa ido a kansu.

Irin wutar da ke shigowa gida

Abubuwa uku ake aunawa a wutar lantarki. Na farko shi ne ƙarfin da ke tunkuɗa wutar cikin waya, wanda ake aunawa da volt. Na biyu shi ne yawan wutar da ke kwarara, wanda ake aunawa da amfiya. Na uku shi ne aikin da biyun suka haɗu suka yi, wato wat. Idan na'ura mai cin wat 1,000 ta yi aiki na awa ɗaya, ta ci yunit ɗaya kenan, kuma shi ne abin da mita ke cirewa.

Wutar da Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Kano, KEDCO, ke kaiwa gidaje a jihohin Kano, Katsina da Jigawa, a ƙa'ida volt 230 ce. Sai dai ba miƙe take tafiya kamar ruwa a bututu ba. Kai da komowa take yi kamar zarto a hannun kafinta: ta tura gaba, ta tsaya, ta ja baya, ta tsaya. Tana yin wannan zagaye sau 50 a cikin sakan ɗaya. Tunda a kowane zagaye tana tsayawa sau biyu, ƙarfinta na faɗuwa zuwa sifili sau 100 a kowane sakan. Tsakanin tsayuwa ɗaya da mai bi mata, kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ne kacal, kuma a cikin wannan ɗan taƙin ne ƙarfin ke tashi daga sifili, ya kai ƙololuwa wajen volt 325, sannan ya sauko. Volt 230 da ake faɗa, ma'auni ne na aikin da wannan hawa da sauka ke iya yi idan an daidaita shi.

Ido ba ya ganin wannan tsayuwar, amma a kanta ne aka gina kusan duk na'urorin rage haske na zamani.

Tsohuwar hanya: a tare wuta, ta zama zafi

Hanya mafi daɗewa ta rage wuta ita ce a sa mata cikas a hanya. A ƙarshen ƙarni na 19, gidajen wasan kwaikwayo a Turai da Amurka sun riƙa amfani da tulunan ruwan gishiri: a tsoma ƙarfe biyu a ciki, idan aka nisanta su da juna wuta ta ragu, fitilun dandali su dushe. Daga baya aka koma amfani da doguwar waya mai wahalar ratsawa, a naɗe ta, a sa mata maɓalli mai zagayawa da ke zaɓar tsawon wayar da wuta za ta bi.

Wannan dabarar ce ke cikin tsohuwar regiletar fanka, babbar nan mai akwati da ramukan shan iska, wadda har yanzu ake gani a bangon tsofaffin azuzuwa, masallatai da ofisoshin gwamnati. Ramukan ba na ado ba ne. Duk wutar da aka hana isa ga fanka ba ta ɓace ba, wani ɓangarenta zafi ya zama a cikin akwatin. Shi ya sa idan aka bar fanka a lamba ɗaya ko biyu na tsawon dare, da safe regiletar na da ɗumi, wani lokaci har bangon da ke samanta ya yi baƙi.

Misalinta kamar mai babur ne da ya murɗe totur har ƙarshe, sannan yake rage gudu da taka birki. Babur zai rage gudu, amma mai na ƙonewa, birki kuma na cinyewa. Gaskiya ne cewa jimillar wutar da mita ke gani tana ɗan raguwa idan an sauke lamba, domin cikas ɗin na rage kwararar gaba ɗaya. Amma rangwamen bai kai yadda ya kamata ba, saboda an biya kuɗin zafin da ba wanda ya nema, a ɗakin da ake neman sanyi.

Sabuwar hanya: a yanka wutar gunduwa-gunduwa

Sauyi ya zo ne a 1957, lokacin da injiniyoyin kamfanin General Electric a Amurka suka ƙera wani ɗan ƙaramin makunni na silikon da ba shi da ko ƙusa ɗaya mai motsi, wanda ake kira tayirista. Bayan shekara biyu, a 1959, wani masanin kimiyya mai suna Joel Spira ya yi amfani da shi a birnin New York ya haɗa na'urar rage hasken fitila da za ta iya shiga cikin ramin makunnin bango. A 1961 shi da matarsa Ruth suka kafa kamfanin Lutron domin sayar da ita. A shekarun 1960 kuma aka fito da ƙanin tayirista mai suna tirayak, wanda ke iya barin wuta ta wuce ta kowace fuska, gaba da baya. Shi ne zuciyar mafi yawan dima, wato na'urar rage haske, da ƙananan regiletocin fanka masu murɗawa da ake sayarwa a yau.

Tirayak na da hali guda biyu. Ba ya buɗewa sai an ɗan taɓa shi da sigina a ƙafarsa ta uku. Idan kuma ya buɗe, ba ya rufewa sai kwararar wutar ta faɗi zuwa sifili da kanta. Tunda wutar gida na faɗuwa sifili sau 100 a sakan, tirayak na rufewa sau 100 a sakan, kuma kowane karo sai an sake taɓa shi kafin ya buɗe.

Dabarar gaba ɗaya tana cikin jinkirin wannan taɓawar. A ɗauke shi kamar mai tsaron ƙofar gari da ke rufe ƙofa duk lokacin da ayari ya yanke. Idan sabon ayari ya iso ya buɗe nan take, kowa zai shiga. Idan ya yi jinkiri har rabin ayarin ya juya, rabi ne kawai zai shiga. Idan ya bari sai dab da ƙarshe, 'yan tsiraru ne za su samu wucewa.

Abin da ke ƙayyade jinkirin abubuwa uku ne ƙanana. Akwai kafasita, wadda ke tara wuta kamar yadda guga ke cika da ruwa. Akwai maɓallin da hannu ke murɗawa, wanda ke ƙayyade saurin cikar gugar. Sai kuma dayak, ɗan ƙaramin mai gadi da ba ya barin komai ya wuce sai abin da ke cikin kafasitar ya kai wajen volt 30. Da zarar ya kai, dayak ya saki wutar zuwa ga tirayak, shi kuma ya buɗe babbar ƙofa. Idan an murɗa maɓalli zuwa sama, gugar ta cika da wuri, ƙofa ta buɗe da wuri, fitila ta haska sosai. Idan an murɗa ƙasa, cikar ta yi nawa, fitila ta samu guntun wuta kawai.

Fa'idar wannan hanya a bayyane take. Tirayak ko dai a rufe yake ruf, babu abin da ke wucewa, ko kuma a buɗe yake wangale, babu cikas. A duka halin biyu, zafin da yake yi kaɗan ne. Wutar da aka hana wucewa ba a ƙone ta ba, ba a ma jawo ta daga layi ba, saboda haka mita ba ta ƙirga ta ba.

Sai dai a tsohon ƙwan fitila mai zare, ribar ba ta kai yadda ido ke zato. Idan aka yanke rabin kowane zagaye, wutar da ƙwan ke ci ba ta kai ga raguwa da rabi cif ba, amma haskensa na faɗuwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Dalili shi ne zaren na bayar da haske ne saboda tsananin zafi, idan ya ɗan huce sai ya koma ja, yana ba da ɗumi fiye da haske. Wanda ke son haske kaɗan a kullum, ƙaramin ƙwai ya fi masa riba a kan babban ƙwai da dima.

Dalilin da ya sa ƙwan LED ke ƙyaftawa

A yau ƙwan LED ya mamaye shaguna, kuma da dalili: mai wat 9 na ba da hasken da ya yi kusa da na tsohon ƙwai mai wat 60. Amma LED ba zare ba ne. A gindinsa akwai ƙaramin allon lantarki da ke karɓar wutar gida ya mayar da ita miƙaƙƙiyar wuta mai ƙarancin ƙarfi. An tsara mafi yawansu ne domin su ba da haske iri ɗaya ko wuta ta ɗan yi sama ko ta yi ƙasa. Idan aka haɗa irin wannan ƙwai da dima, sai rikici ya tashi: dima na rage wuta, allon na ƙoƙarin cike giɓin. Sakamakon shi ne ƙyaftawa, ƙara kamar ta sauro, ko mutuwar ƙwan kafin lokacinsa.

Akwai matsala ta biyu. Tirayak na buƙatar wani mafi ƙarancin kwarara domin ya ci gaba da zama a buɗe. LED na cin wuta kaɗan ƙwarai, har ta kan gaza riƙe ƙofar, sai ta riƙa rufewa da buɗewa ba bisa tsari ba. Maganin shi ne a sayi ƙwan da aka rubuta a kwalinsa cewa yana karɓar dima, a kuma haɗa shi da dimar da aka yi domin LED. Irin waɗannan sukan yanke ƙarshen zagayen ne maimakon farkonsa, abin da ya fi sauƙi ga allon da ke cikin ƙwan.

Fitilun sola da masu caji kuwa wata hanya suke bi, domin wutar batir miƙaƙƙiya ce, ba ta da tsayuwar da tirayak ke jira. A nan wani ɗan makunni ne ke kunna fitilar yana kashewa sau ɗaruruwa ko dubbai a sakan. Idan lokacin kunnawa ya fi na kashewa tsawo, haske ya yi yawa. Idan aka juya, ya dushe. Ido ba ya kamawa, amma kyamarar waya kan nuna shi a matsayin layuka masu gudu a hoton bidiyo.

Injina ba jinsi ɗaya ba ne

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne ɗaukar cewa duk abin da ke juyawa da lantarki za a iya rage masa gudu da na'ura iri ɗaya. Injinan da ke gidaje da shaguna sun kasu gida uku.

Na farko shi ne injin mai kabon, wanda ke cikin na'urar markaɗe ta kicin, injin huda katako da bango, da ƙaramin injin da tela ke ɗaura wa keken ɗinki. Ana gane shi da ƙara mai kaifi da ɗan tartsatsi a ciki. Gudunsa na bin ƙarfin wutar da aka ba shi kai tsaye, saboda haka tirayak na sarrafa shi cikin sauƙi. Matakin da tela ke dannawa da ƙafa yana yin wannan aikin ne: a tsofaffin samfura cikas ne mai yin zafi, a sababbi kuma tirayak ne.

Na biyu shi ne injin da maganaɗisu mai zagayawa ke ja, wanda Nikola Tesla ya yi wa rajista a 1888. Shi ne ke cikin fankar sama, firji, na'urar sanyaya ɗaki, injin niƙa mai amfani da lantarki, da injin jan ruwa na rijiyar burtsatse da ake kira sumo. Naɗin wayar jan ƙarfe da ke jikinsa na haifar da maganaɗisu mai zagayawa, shi kuma ƙarfen tsakiya ya riƙa bin sa a guje. Saurin zagayawar ba ƙarfin wuta ke ƙayyade shi ba, yawan kai da komowar wutar ne, wato 50 ɗin nan a sakan, tare da yadda aka tsara naɗin. Mai kai biyu na zagayawa kusan sau 3,000 a minti, mai kai huɗu kusan sau 1,500. Fankar sama na da kawuna da yawa, shi ya sa gudunta bai wuce 'yan ɗaruruwa a minti ba.

Wannan injin kamar mai rawa ne da ke bin kiɗan kalangu. Hana shi abinci ba zai sauya kiɗan ba, sai dai ya sa ya riƙa sassarfa yana gaza cim ma kiɗan, yana haɗa gumi. Wanda ke son ya rage rawar cikin lafiya, makaɗin zai yi wa magana.

Na uku shi ne sabon injin da ba shi da kabon, mai ɗauke da maganaɗisu na dindindin da allon lantarki da ke juya masa wuta, wanda ake rubuta wa BLDC a kwali. Shi ne ke cikin fankoki da yawa masu aiki da sola ko batir, da fankokin sama masu rimot.

To ta yaya regileta ke rage gudun fanka?

Idan kiɗa ne ke ƙayyade gudun fankar sama, me regileta ke yi? Tana raunana ta ne da gangan. An ƙera injin fanka yadda zai jure zama a baya da kiɗan, kuma nauyin da yake ɗauka, wato iska, yana raguwa sosai da zarar gudu ya ragu. Saboda haka idan aka rage masa ƙarfi, sai ya sauka zuwa gudun da ƙarfin ya ishe shi, ya zauna a nan ba tare da ya ƙone ba.

Hanyoyin raunana shi huɗu ne. Akwai tsohuwar regileta mai cikas, wadda ke ɓarnar wuta. Akwai mai tirayak, wadda ake murɗawa sumul babu lamba. Ba ta ɓarna, amma saboda tana aika wutar a yayyanke, fanka kan yi gurnani idan an rage ta sosai, injin kuma ya ɗan ƙara ɗumi. Akwai mai kafasita, ƙarama mai lamba huɗu ko biyar da ke yin ƙas-ƙas idan an juya. Kafasita na karɓar wuta ta mayar ba tare da ta ƙone ta ba, don haka babu zafi, babu gurnani, kuma ita ce ta fi dacewa da fankar sama ta gama-gari. Sai ta huɗu, ta fankar tsaye mai maɓallai uku, inda kowane maɓalli ke shigar da wuta ta wani wuri daban a cikin naɗin injin.

Fankar BLDC ba ta buƙatar ko ɗaya daga ciki. Allonta ne ke sarrafa gudu, kuma haɗa ta da regiletar bango na iya lalata allon.

Abin da ya halatta ga fanka bai halatta ga firji ko sumo ba. Nauyin da ke kansu ba ya sauka kamar na iska: kwamfireso na matsa iskar gas ne, sumo na ɗaga ruwa daga zurfi. Idan aka rage musu ƙarfi da dima, za su ja amfiya fiye da ƙima, ko su tsaya cik alhali wuta na shiga. Zafin waya kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kwarara: idan kwarara ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Daga nan sai warin ƙonewa, sai kuɗin sabon naɗi.

Sauya kiɗan: inbata da famfon sola

Hanyar da ta dace ta sarrafa irin waɗannan injina ita ce a sauya yawan kai da komowar wutar kanta. Na'urar da ke yin haka tana aiki a mataki uku: ta karɓi wutar layi ta miƙar da ita, ta tara ta a manyan kafasitoci, sannan ta sake ƙirƙiro wata sabuwar wuta mai kai da komowa a saurin da ake so, ko 20 a sakan, ko 35, ko 50, tana daidaita volt da shi. Wannan ce ma'anar kalmar inbata da ake liƙawa a jikin sababbin firji da na'urorin sanyaya ɗaki. Tsohon samfuri ko dai yana gudu da dukkan ƙarfinsa ko yana kashe, kuma duk tashin da zai yi yana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci a tafiya. Wannan fizgar ce ke sa fitila ta dushe ko ƙaramin janareta ya yi tari idan firji ya tashi. Mai inbata kuwa a hankali yake tashi, idan sanyi ya kama sai ya rage gudu ya ci gaba.

Ribar na da girma saboda wata ƙa'ida da ta shafi fanka da famfo masu fiffike: wutar da suke buƙata na sauka da sauri fiye da gudunsu. Idan aka rage gudu zuwa kashi 80 cikin ɗari, buƙatar na sauka zuwa kusan kashi 51. Idan aka rage zuwa rabi, a lissafi kashi ɗaya cikin takwas ne kawai ake buƙata, kodayake asarar cikin injin na rage wannan riba.

Irin wannan na'ura ce ke cikin akwatin famfon sola na rijiyoyin burtsatse, kuma ita ce abin da manoman rani a shiyyar Daura, inda madatsun Sabke da Daberam suke, ya kamata su fahimta kafin su sauya injin fetur da sola. Da sassafe faifan sola na ba da wuta kaɗan, sai akwatin ya rage kiɗan domin injin ya juya a hankali maimakon ya tsaya ya ƙone. Da rana ta take, ya ƙara. Amma akwai iyaka: idan gudun bai kai wani mataki ba, injin zai juya amma ruwa ba zai iso baki ba, saboda zurfin rijiya ba ya raguwa. Shi ya sa dole a auna zurfi da yawan ruwan da ake so kafin a sayi faifai da akwati.

Idan layin unguwa ya zama dima

Akwai dimar da ba mai gida ne ya saya ba. Idan tiransifoma ɗaya na ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta, ko wayar da aka ja ta yi tsawo kuma siririya ce, wayar kanta na zama cikas irin na tsohuwar regileta. Gidajen da ke ƙarshen layi sai su samu wuta mai rauni, musamman da magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa. Fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin barci, abin da ba ya yi mata illa sosai. Firji kuwa ya riƙa ƙoƙarin tashi yana kasawa, kuma a nan ne asarar take.

Masu hali kan sayi sitabilaiza. A cikinta akwai ƙaramar tiransifoma mai matakai, kuma ƙas-ƙas ɗin da ake ji sauya mataki ne domin ɗaga volt. Sai dai ba ta ƙirƙirar wuta daga babu. Domin ta ɗaga volt a cikin gida, dole ta ƙara jan amfiya daga layi, wanda ke ƙara raunana wutar maƙwabta. Idan gidaje goma suka sa, na sha ɗaya da ba shi da kuɗin saye ya ƙara shiga duhu. Matsalar ta layi ce, kuma a layi maganinta yake. NERC ta sha nanata cewa gyara ko sauya tiransifoma, turaku da wayoyi alhakin kamfanin rarraba wuta ne, ba na jama'ar unguwa ba.

Lissafin aljihu

Bayan ƙarin Afrilu na 2024, an sauke farashin Band A zuwa naira 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma naira 209.50 a Yuli na shekarar. Band A na nufin alƙawarin wutar awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4, kuma farashin sauran rukunan ya fi sauƙi.

A ɗauki misali da wancan farashi na naira 209.50. Fankar sama ta gama-gari na cin wajen wat 75 a cikakken gudu. Idan ta yi awa 12 a rana, ta ci yunit 27 a wata, wato kusan naira 5,650 kafin haraji. Fankar BLDC mai wat 30 a awannin nan za ta ci yunit 10.8, kusan naira 2,260. Bambancin ya kai kusan naira 3,400 a fanka ɗaya. Gida mai fanka uku na maganar sama da naira 10,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a Yuli na 2024. Ga mai sola, bambancin na nufin ƙaramin batir da faifai kaɗan. Ga mai janareta, litar fetur da ta fi daɗewa.

Amma duk wannan lissafi na aiki ne ga mai mita kawai. Rahotannin NERC na 2024 sun nuna cewa fiye da rabin masu rajistar wuta a Najeriya ba su da mita. Wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi, ko ya sa fankarsa a lamba ɗaya, ko ya sauya duk ƙwayayen gidansa, takardar da za ta zo ba ta san ya yi ba. Tun a Fabrairun 2020 hukumar ta sa iyaka ga abin da za a iya ƙiyasta wa marar mita, amma iyaka ba awo ba ce. Rashin mita na cire wa mutum dalilin tattali, sannan ya ƙara wa tiransifomar unguwa nauyi, wanda ke komawa ga raunin wutar da aka ambata a sama.

Wa ke sa ido, kuma me ya rage ga mai saye?

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ke da alhakin tantance kayan lantarki da ake shigowa da su. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ingancin haɗa wuta da ba masu aikin wayarin shaidar ƙwarewa. Ƙorafin raunin wuta ko bil kuwa yana farawa ne daga sashen ƙorafi na kamfanin rarraba wuta, a rubuce. Idan ba a warware ba, a ɗaukaka zuwa zauren sauraren ƙorafi na NERC, daga nan zuwa hukumar kanta. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin da tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu, abin da ya sa tambayar mita, tiransifoma da ingancin volt ta zama tambayar da za a iya yi wa ɗan majalisar jiha da gwamna, ba Abuja kaɗai ba.

A matakin gida, ƙa'idojin kaɗan ne. Regiletar da ke zafi a hannu tana cin kuɗi, kuma sauya ta da mai kafasita ba ya da tsada idan aka kwatanta da kuɗin wutar shekara. Kowace dima na da adadin wat da aka rubuta a bayanta, kuma ɗora mata fiye da haka hanya ce ta gobara. Dimar fitila ba ta fanka ba ce, ba kuma ta firji, sumo ko soket ba. Murɗe dima zuwa ƙarshe ba ya nufin an yanke wuta, don haka kafin a taɓa waya sai an kashe daga babban makunni, a kuma tuna cewa kafasita na iya riƙe wuta bayan an kashe. Idan fanka ta rage gudu ko a lamba biyar alhali wuta na da ƙarfi, sau da yawa kafasitar da ke saman fankar ce ta gaji, kuma sauya ta ya fi sayen sabuwar fanka sauƙi nesa ba kusa ba.

Ga muhawarar tsakar gida kuwa, amsar ita ce: lamba ɗaya na rage kuɗi, kaɗan idan regiletar tsohuwa ce mai zafi, da yawa idan mai kafasita ce ko mai tirayak, fiye da haka idan fankar BLDC ce. Idan kuma gidan ba shi da mita, ba ta rage ko kwabo.